Shawara ga masu hawa jirgin sama mai sauka a ruwa a Ketchikan

Jama'a, duk wanda jirgin ruwansu na yawon buɗe ido zai yada zango a Ketchikan, a jihar Alaska ta Amurka, kuma yana son hawa ƙaramin jirgin saman nan mai sauka a kan ruwa zuwa Misty Fjords, wani keɓaɓɓen wuri mai dogayen duwatsu da mashigan teku, to ya nemi tashin safe. Garin akwai ruwan sama sosai, hazo kuma kan rufe duwatsu ba sallama. In aka soke tashin safe, ana iya mayar da kai na rana, amma in na yamma ne, shi ke nan. Kafin ka biya, tambayi ko za a dawo maka da kuɗinka idan yanayi ya hana tashi. In matuƙi ya ce a haƙura, don Allah kada ka matsa masa.

Za a tambayi nauyinka, faɗi gaskiya, da shi ake raba kujeru. Ka sa riga mai duhu, domin fara tana fitowa a gilashin taga ta ɓata hoto. Idan aka sauka aka kashe inji, ajiye wayar tukuna. Tsit ɗin wurin, da ruwan da ke zubowa daga duwatsu masu tsayin kusan mita 900, nan ne daɗin tafiyar yake.

Da an dawo, taka zuwa Creek Street ka ga gidajen katako da aka kafa bisa turaku a kan rafi. A watan Agusta kifin salmon na cika rafin.

Ka riƙa duba agogo. In ba ta hannun jirgin ruwan ka yi rajistar yawon ba, ba zai jira ka ba.