Yadda ake haɗa horar da fastoci da ziyarar gandun dajin Yankari

Ikkilisiyar da take son tura tawagar bishara zuwa Bauchi ko Filato tana iya haɗa abu biyu a mako guda: koyar da fastocin karkara, da kai su kallon namun daji a Yankari. Horon shi ne aikin, yawon dajin kuwa hutu ne a ƙarshe. Duk shirin da ya juya wannan tsari, fastocin ne za su fara ganewa.

Fara da masu masaukin baƙi. Tun watanni shida kafin tafiya, a rubuta wa shugabannin gundumar ikkilisiya, ko ECWA ce, ko COCIN, ko wata. Su ne za su zaɓi masu halarta, su kuma faɗi abin da ake bukata. Baƙo yakan zo da darasin da yake so, alhali mai bishara a ƙauye abin da ke damunsa shi ne yadda zai shirya wa'azi daga aya guda, ko ya sasanta ma'aurata, ko ya riƙe lissafin kuɗin baikon coci ba tare da zargi ba. A gayyaci matansu, domin su ne ke ɗauke da zumuntar mata da makarantar Lahadi.

Lokacin da ya dace shi ne Janairu zuwa Maris. Yawancin fastocin karkara manoma ne, ba za su bar gona da damina ba, Disamba kuma na Kirsimeti ne. A Yankari ma hakan ya fi: da rani ciyawa ta bushe, dabbobi suna taruwa a bakin Kogin Gaji. A kauce wa makon Ista.

Ga tsarin makon. Litinin a iso, Talata zuwa Alhamis a yi koyarwa, Juma'a da safe a kama hanyar Yankari, Asabar kafin azahar a watse. Kada a taɓa Lahadi, kowane fasto yana da garken da ke jiransa.

A wajen koyarwar ne ake yawan kuskure. Mutum 30 zuwa 40 sun isa. In sun wuce haka, taro ya zama, ba horo ba. A koyar da Hausa. Idan dole sai da tafinta, a raba darasin biyu, domin abin da ke ɗaukar awa ɗaya zai ci biyu, kuma a ba tafintan rubutun tun mako guda kafin nan don kada kalmomin tauhidi su sha masa kai a gaban jama'a. Da safe malami ya yi bayani. Da yamma a kasa mutane biyar-biyar ko shida-shida, kowa ya yi wa'azin minti goma daga nassin da aka nazarta, 'yan'uwansa su gyara masa cikin ƙauna. Wannan sashen ne ke zama a kai. A tanadar wa kowa Littafi Mai Tsarki na Hausa, littafin rubutu, biro da darussan a buge a takarda, domin wuta tana iya ɗaukewa majigi ya zama kaya. Takardar halarta kawai za a bayar, ba difloma ba. Mai son zurfafa karatu a nuna masa hanyar makarantun tauhidi irin su JETS a Jos ko TCNN a Bukuru.

Kuɗi kuma a raba asusu biyu. Abin da masu bi suka bayar don bishara ya tafi ga abinci, makwanci, littattafai da kuɗin motar fastoci zuwa da komawa. Kuɗin Yankari ya fito daga aljihun 'yan tawaga ko daga gudummawar da aka faɗi sunanta a fili. A lissafa fastocin a ciki. Bai kamata baƙi su tafi shaƙatawa a bar waɗanda aka zo dominsu a tasha ba.

Yankari tana ƙaramar hukumar Alkaleri, faɗinta ya kai murabba'in kilomita 2,244, an kuma buɗe ta ga jama'a a 1962. Daga garin Bauchi ana bin hanyar Gombe, a karya a Dindima, a shiga ta ƙofar Mainamaji, sannan a yi tafiyar kusan kilomita 40 cikin daji zuwa sansanin Wikki. A kama ɗakuna da motar zagaya daji tun da wuri, a cika tanki a Bauchi, a riƙe tsabar kuɗi. A tambayi masu masauki halin tsaron hanya a ranar tafiya, kuma kada a yi tafiyar dare.

Fita biyu ta wadatar: la'asar ɗin Juma'a da sanyin safiyar Asabar, tare da jami'in gandun. Ana iya ganin ɓauna, gwanki, gwambaza, dorina da kada. Giwaye suna nan, amma kada a yi wa kowa alkawarin ganinsu, balle zaki. Ba a sauka daga mota sai jami'i ya ce a sauka. A sa riga mai dogon hannu, a guji baƙi da shuɗi saboda ƙudan tsando. A sansani gwaggon biri yana fizge abinci daga hannu, yana ma shiga ɗakin da aka bari a buɗe, don haka a kulle ƙofa da taga. Ruwan Wikki mai ɗumi ne, kusan digiri 31 kullum; a ware wa mata lokacin wankansu.

Da daddare a karanta Zabura 104, inda maɓuɓɓugai ke shayar da namun jeji, zakoki kuma ke neman abincinsu wurin Allah. A yi sujadar ba tare da lasifika ba, domin akwai sauran baƙi.

Baƙin ƙasashen waje su zo da katin rigakafin shawara da maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Kada a sa hoton wani fasto ko sunan ƙauyensa a Facebook sai da izininsa. Kafin a watse, a naɗa dattijo ɗaya na gundumar da zai tara mahalarta bayan wata uku, kowa ya zo da wa'azi biyu da ya shirya da kansa.