Yadda za ka zaɓi tsakanin Masai Mara da Serengeti kafin ka biya kuɗin yawon ganin namun daji

Gandun dajin Masai Mara da ke Kenya da na Serengeti da ke Tanzaniya daji ɗaya ne da iyakar ƙasa ta raba biyu. Kogin Mara ya ratsa dukkansu, kuma garkunan da ake kallo a kudancin Serengeti cikin Fabrairu su ne dai ake kallo a Mara cikin Agusta. Saboda haka tambayar wanne ya fi kyau ba ta kai mutum ko'ina. Abubuwa huɗu ne ke raba gardamar: fasfon da ke hannunka, watan da za ka samu hutu, yawan kwanakin da kake da su, sai kuma aljihu. Ka bi su a jere haka, domin na farkon kaɗai yana iya yanke maka hukunci.

Mataki na farko: duba fasfonka

Tun 2025 Kenya ta ɗauke wa 'yan yawancin ƙasashen Afirka wajabcin neman izinin shiga ta intanet, ban da Somaliya da Libiya. Tanzaniya kuwa ta sa Najeriya da Nijar da Chadi a rukunin da take kira Referral Visa: ba a ba ka biza a filin jirgi, sai ka nema ta intanet, hukumar shige da ficen ƙasar ta tantance ka tukuna, kuma su da kansu suna ba da shawarar a nema aƙalla wata biyu kafin tafiya. Idan hutunka saura mako uku kuma fasfon Najeriya gare ka, magana ta ƙare, Mara za ka. Idan Serengeti ce a ranka, kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito.

Akwai tarko a nan. Bizar haɗin gwiwa ta yawon buɗe ido a Gabashin Afirka tana aiki ne a Kenya da Uganda da Ruwanda, babu Tanzaniya a ciki. Dokokin shiga ƙasa suna sauyawa, don haka ka sake duba shafin hukumar ƙasar a makon da za ka biya kuɗi. Ko ina ka nufa, za a nemi katin rigakafin cutar shawara, wanda sai allurar ta kwana 10 yake fara aiki, da fasfon da ya rage masa aƙalla wata shida.

Mataki na biyu: daidaita watanka da inda garkuna suke

Abin da ke jan yawancin mutane shi ne ƙaurar nyumbu, wata dabba dangin kanki mai gemu da faffaɗar fuska. Ƙiyasin da aka daɗe ana amfani da shi ya kai su sama da miliyan ɗaya, suna tafe tare da dubban ɗaruruwan jakunan dawa da barewa. Kamar makiyaya suke, ruwan sama da sabuwar ciyawa suke bi, ba kalanda ba.

Daga Janairu zuwa Maris suna filayen kudancin Serengeti da yankin Ndutu, inda ciyawa gajera ce kuma ido yana kaiwa nesa. A nan suke haihuwa, yawanci cikin Fabrairu, 'ya'ya kusan rabin miliyan a tsakanin makonni biyu zuwa uku. Zaki da kura da rabbi ba sa yin nisa da wurin a wannan lokaci, shi ya sa mai son ganin farauta ido da ido ya fi samun biyan buƙata a Ndutu cikin Fabrairu fiye da ko'ina. A waɗannan watanni babbar ƙaurar ba ta Mara sam.

Afrilu da Mayu damina ce mai ƙarfi. Hanyoyi suna caɓewa, baƙar ƙasar wurin tana riƙe tayar mota, wasu sansanonin ma rufewa suke yi. Farashin masauki yana sauka sosai, amma ciyawa ta yi tsawo, dabba tana ɓuya. Zuwa Yuni garkunan sun karkata yamma, wajen kogin Grumeti.

Daga Yuli zuwa Oktoba ne ake tsallake kogin Mara, wato abin nan da ake nunawa a talabijin: dabbobi na faɗawa ruwa daga gaɓa mai tsayi, kadoji na jira. Mutane da yawa suna zaton sai a Kenya ake ganin wannan. Ba haka ba ne. Kogin ya bi ta arewacin Serengeti, yankin Kogatende da Lamai, kuma garkunan suna kai da komo a kansa ta ɓangarorin biyu har tsawon watannin. Bambancin shi ne motoci sun fi yawa a gefen Kenya, kuɗin isa wurin kuma ya fi yawa a gefen Tanzaniya.

Babu kamfanin da zai iya yi maka alkawarin ganin tsallakewa. Garke yakan taru a bakin ruwa awa uku, wata ƙara ta firgita na gaba, duk su juya. Wanda ya ware dare ɗaya kacal a kusa da kogi caca ya yi. Ka ware dare uku ko huɗu, kuma ka fita da abincin rana a mota don kada komawa masauki ta sa ka rasa abin.

Cikin Nuwamba, da ƙaramar damina ta sauka, sai su gangara kudu.

Idan ƙaurar ba ta dame ka ba, zaki da giwa da ɓauna da raƙumin dawa da dorina suna nan duk shekara a wuraren biyu. Damisa an fi saninta da bishiyoyin kwarin Seronera a tsakiyar Serengeti da kuma bakin kogin Talek a Mara. Karkanda ce mai wuyar gani: a gefen Kenya a neme ta a yankin da ake kira Mara Triangle, a gefen Tanzaniya kuma a cikin kwarin Ngorongoro, da ke wani gandu na daban mai maƙwabtaka da Serengeti.

Mataki na uku: ƙirga kwanakinka da gaskiya

Faɗin Mara kusan murabba'in kilomita 1,510 ne, bai ma kai Yankari ba, mai 2,244. Serengeti kuwa ta kusa 14,750, ta ninka Yankari fiye da sau shida. Ƙanƙantar Mara ita ce ribarta ga mai gajeren hutu, domin dabbobi a tattare suke, cikin kwana biyu ko uku ka ga mafi yawan abin da ka zo gani. A Serengeti, tsakanin Seronera da Kogatende kaɗai tafiyar rabin yini ce a kan hanyar burji.

Zuwa Mara daga Nairobi awa biyar zuwa shida ne a mota, ta garin Narok zuwa ƙofar Sekenani, ko kuma ƙasa da awa ɗaya ko ɗan sama da haka a ƙaramin jirgi daga filin Wilson. Lura: Wilson daban yake da babban filin jirgin Jomo Kenyatta inda za ka sauka, kuma cunkoson Nairobi ba wasa ba ne, ka bar tazarar awa huɗu tsakanin jiragen biyu. Zuwa Serengeti, a filin jirgin Kilimanjaro ake sauka, a kwana a Arusha, washegari a yi awa bakwai zuwa takwas ta Karatu da Ngorongoro zuwa ƙofar Naabi Hill har Seronera. Daga Kano ko Abuja, jirgin Habasha yana kai mutum Nairobi ko Kilimanjaro ta Addis Ababa, daga Legas kuma akwai jirgi kai tsaye zuwa Nairobi.

Mai kwana biyar, har da ranakun tafiya, ya nufi Mara. Mai kwana takwas zuwa goma shi ya cancanci Serengeti, domin zai haɗa da Ngorongoro da gandun Tarangire mai yawan giwaye, duk a hanya ɗaya.

Mataki na huɗu: lissafa kuɗin ƙofa daban da na masauki

Ana cewa Kenya ta fi araha, kuma hakan gaskiya ne a rabin shekara kawai. Gwamnatin gundumar Narok ce ke riƙe da Mara, kuma tun 2024 baƙo baligi yana biyan dala 100 a rana daga Janairu zuwa Yuni, dala 200 daga Yuli zuwa Disamba. Tikitin na awa 12 ne, daga ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na yamma. Wanda ya isa ƙofa da la'asar ya biya kuɗin yini guda don awa biyu. Rangwamen da kake gani a jadawali na 'yan Gabashin Afirka da mazauna ƙasar ne, ɗan Afirka ta Yamma kuɗin baƙo yake biya.

A Serengeti kuɗin shiga kusan dala 83 ne idan an haɗa haraji, kuma tikitin na awa 24 ne. Sai dai ba a nan lissafin ya tsaya ba. Mai kwana a otal ko sansanin da ke cikin gandun yana biyan ƙarin kusan dala 71 kowane dare, mai zuwa ta mota kuma dole ya ratsa Ngorongoro, inda ake karɓar kusan dala 71 a zuwa, a sake karɓa a dawowa. Sauka cikin kwarin kansa kusan dala 295 ne kowace mota.

Ɗauki kwana uku ga mutum ɗaya. A Mara dala 600 ne cikin Agusta, 300 cikin Fabrairu. A Serengeti ta mota kusan dala 600 ne a kowanne daga watannin biyu. Wato a lokacin tsallake kogi kuɗin ƙofa ya zo ɗaya, bambancin yana komawa kan masauki da mota.

Mataki na biyar: zaɓi wurin kwana, ba sunan gandu kawai ba

Nan ne aka fi yin asara. Wani zai biya Serengeti cikin Satumba, a ajiye shi a Seronera, garkuna kuwa suna can arewa. Wani zai biya Mara, a sauke shi a sansanin da ke wajen ƙofa, kullum da safe sai ya bi layin motoci kafin ya shiga, lokacin zakoki sun fara neman inuwa. Ka nemi ainihin sunan masaukin, ka duba shi a taswira, ka tambayi minti nawa ne daga nan zuwa kogi ko ƙofa.

Mai gudun cunkoso a Mara yana da mafita biyu. Ɗaya ita ce Mara Triangle, yammacin kogi, wanda wata hukuma ta daban ke kula da shi tun 2001 kuma ake tsaurara doka kan taruwar motoci. Ɗayar ita ce filayen da ke kewaye da gandun, irin su Naboisho da Olare Motorogi da Mara North, waɗanda 'yan ƙabilar Masai masu ƙasar suka bayar haya. A can an ƙayyade yawan gadaje da motoci, ana fita da dare da fitila, ana yawo a ƙafa da ɗan jagora, abubuwan da aka hana a cikin babban gandun. Da tsada, amma ga mai hali sun fi kwanciyar hankali. Sai dai ranar da za ka je kallon kogi sai ka biya kuɗin ƙofar gandun daban.

Idan ka ce biyun kake so

A taswira kamar taku ɗaya ne, amma ba a barin baƙi su tsallaka iyaka ta cikin dajin. Sai ka fita ta garin Isebania, a buga fasfo, ka canja mota da direba a Sirari ta gefen Tanzaniya, abin da ke cin yini guda cur. Ta jirgi ma ana sauka a Migori, a bi ta wannan iyakar a mota, a sake tashi daga Tarime. Ga mai ƙasa da kwana goma, wahalar ta fi riba.

Kafin ka tura kuɗi

Ka tabbata kamfanin yana cikin ƙungiyar kamfanonin yawon buɗe ido ta ƙasarsa, KATO a Kenya, TATO a Tanzaniya. Ka sa a rubuta maka ko kuɗin ƙofa yana cikin farashi, mutum nawa ne a motar, ko kowa na da taga, ko an ƙayyade kilomitocin da direba zai yi a rana. Araha ba ta ado: farashin da ya yi ƙasa da kima yawanci an cire kuɗin ƙofa ne, ko an cika ƙaramar bas da mutum takwas, ko an hana direba mai. A lokacin damina kada ka yarda da wata mota sai Land Cruiser. Mai son Agusta ko Satumba kusa da kogi ya kama wuri wata shida zuwa shekara guda kafin lokaci.

Ka sanar da masauki tun da wuri cewa naman halal kake ci, domin daga Nairobi ko Arusha ake kai musu kaya, ba a kasuwar gefe suke saye ba. Ba a sauka daga mota sai a wuraren da aka keɓe, don haka ka shirya da direba inda za a tsaya sallah.

Ƙananan jirage kilo 15 suke ɗauka wa kowa, har da jakar hannu, kuma jaka mai laushi suke so, ba akwati mai tauri ba. Mara tana kan tudu sama da mita 1,500, sanyin asuba a buɗaɗɗiyar mota yana shiga ƙashi, musamman Yuni zuwa Agusta, ka tafi da rigar sanyi da hula. Ka bar baƙaƙe da shuɗɗan kaya a gida, su ke jan ƙudan tsando, wanda ya fi yawa a yammacin Serengeti da Tarangire. Ledar zuba kaya haramun ce a ƙasashen biyu, Kenya tun 2017, Tanzaniya tun 2019. Dalolin da za ka riƙe su kasance sababbin bugu marasa yagewa, don ana ƙin karɓar tsofaffi, kuma ka ware dala 10 zuwa 20 a rana na ihsani ga direba.