Yadda zaka tada tsohuwar Vespa da ta shekara da shekaru a jingine

Gidaje da yawa a Kano da Zariya da Katsina har su Maraɗi da Damagaram in ka leƙa zaure ko bayan ɗaki zaka tarar da tsohuwar Vespa an jingine ta, taya ta sace, kaji na kwana a ƙarƙashi, galibi ta baba ce ko ta kaka, wasu tun kuɗin Udoji na 1975 aka saye su lokacin da ma'aikata suka samu ariyas kowa ya shiga sayen abin hawa. Mutane na ganin ta mutu, sai ɗan gwangwan ya zo a sayar masa a kan kilo, alhali injin Vespa da wuya ya mutu gaba ɗaya, indai gangar jikin bata ruɓe ba tana tashi. Matsalar kawai yawancin masu gyaran ta baya suke farowa, ranar farko an kai ta wajen mai fenti an sa sabuwar kujera da madubi tana ƙyalli, bayan sati biyu tana tsaye a bakin titi ana ta buga kik ana haɗa gumi. Fenti shi ne aikin ƙarshe, ka riƙe kuɗinsa tukuna.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya ka fara sanin wacce iri ce a hannunka, don Vespa ba ɗaya bace. Kamfanin Piaggio na Italiya ya fara yinta tun 1946, kuma samfura sun yi yawa, amma waɗanda aka fi gani a wajenmu su ne Super da Sprint da kuma PX wadda ta fito a 1977. Cire murfin gefe ka goge dauɗar jikin firam zaka ga lamba an buga ta da ƙarfe, haruffan farko su ne ke faɗa maka: VBC1T Super 150 ce, VLB1T Sprint 150, VLX1T kuma PX 150. Injin ma yana da tasa lambar, ka duba ko ta dace da jikin, don sau da yawa an taɓa canja inji a baya kuma babu wanda ya sani a gidan. Taya ma tana nunawa, Super ƙaramar taya ce inci 8, Sprint da PX inci 10. Rubuta lambobin nan a waya, da su zaka riƙa sayen kaya, in ba haka ba sai ka tara kayan da basu shiga ba kuma mai shago ba zai karɓa ba.

Sai jiki. Nan ne zaka yanke shawara ko aikin ya cancanci kuɗinka. Vespa ba kamar Honda ko Jincheng bace da ke da firam na bututu a ciki roba a waje, ita wannan farantin ƙarfen da kake gani shi ne ƙashin bayanta, in ya ruɓe komai ya tafi. Kwantar da ita a kan tsohuwar katifa ko taya, ka duba ƙarƙashin wajen taka ƙafa, ka ɗauki sukudireba ka riƙa caccaka duk inda tsatsa ta kumbura, musamman tsakiyan nan da kebura ke bi ta ciki da kuma wajen da tsayuwar ƙafa ke ɗaure. Ƴan huji a faranti ba komai bane mai walda zai yanke ya sa sabon ƙarfe. Amma in tsakiyan ya ci har yana lanƙwasa in ka danna, ko ka tsaya ta baya ka hango tayar gaba da ta baya basa kan layi ɗaya alamar ta taɓa yin hatsari babba, gaskiya ka yi tunani sau biyu, irin wannan ko an gyara zata riƙa ja gefe ɗaya. Kuma don Allah kar ka yarda a cike maka ramin tsatsa da fila a shafe da fenti, damina ɗaya zai tsage.

In jiki ya yi, to fara kwancewa, amma da waya a hannu. Kowane abu ka ɗauki hotonsa kafin ka cire, musamman wayoyin wuta da yadda kebura suka shiga kan sitiyari. Ka samu gwangwanayen madara ko ledoji ka riƙa zuba notika kashi kashi kana rubutawa, na inji daban na taya daban na fitila daban. Notin da ya ƙi kwancewa ka jiƙa shi da kananzir ko man birki ya kwana, kar ka sa ƙarfi, jikin injin alminiyon ne zaren sa baya jure wulaƙanci. Kuma kar ka zubar da komai, ko da ya yi kama da shara, tsohon kayan Italiya da aka wanke sau da yawa ya fi sabon da zaka saya yanzu, kuma ko ba zaka mayar ba da shi zaka je kasuwa a gwada.

Yanzu inji. Kar ka yi saurin buga kik da ƙarfi. Cire fulogi ka zuba ɗan man inji cokali ɗaya a ramin, ka bar shi, sannan ka juya fankar da hannu a hankali. In ta juya alhamdulillahi. In ta cije to fiston ya kama da bulok, sai a zuba kananzir ko gas a bar shi kwanaki, a cire kan silinda a ɗora katako a kan fiston ana bugawa a hankali da guduma, katako fa, ba ƙarfe ba. Wasu makanikai zasu ce maka a wanke kafireta a sa sabon fulogi ta tashi shikenan, kuma zata iya tashin, amma injin da ya yi shekara ashirin a ajiye robobinsa sun bushe, ni shawarata a raba shi biyu a yi aikin sau ɗaya a huta. Oyil sil guda biyu na kiranshaf, wato robobin da ke hana mai da iska kutsawa cikin inji, su ne asalin magana. In na ɓangaren kuloci ya mutu injin zai riƙa tsotsar man giya yana ƙonawa, hayaƙi fari mai kauri, fulogi na jiƙewa, man giya na wari kamar fetur. In na ɓangaren fanka ne iska ke shiga, zaka ji sulo ya ƙi sauka, ka saki totur injin na ta ihu shi kaɗai, kuma irin wannan ne ke sa fiston ya yi zafi ya kama kana tsakiyar gudu, abin da ba a fata. Canja su duka biyun, da boris ɗin kiranshaf, da duk gaskit. Wajen sa boris a ɗumama jikin injin tukuna sai ya zauna da kansa, wanda ya ɗauko guduma zai dunƙa shi a sanyi ka ce masa ya dakata.

Akwai wani wuri da ba kowa ke dubawa ba. A waɗannan injinan kiranshaf ɗin da kansa ne ke buɗewa da rufe hanyar da mai ke shigowa daga kafireta, yana wucewa dab da wani ɗan sumul ɗin fili a cikin jikin injin. Haska tocila ka shafa wurin da yatsa, in santsi ne lafiya, in ka ji zane zane masu zurfi kamar an ja ƙusa to wani abu ya taɓa faɗawa ciki, injin zai riƙa tofo mai ta bakin kafireta yana wahalar tashi kuma ko kafireta goma ka canja ba zai daina ba. Ana gyarawa amma sai wanda ya san aikin, wani lokacin samun wani jikin injin ya fi sauƙi.

Tunda an buɗe, a duba kuros ɗin giya, wani ɗan ƙarfe ne mai ƙafa huɗu da ke zaɓar giya a ciki, in gefunansa sun cinye sun yi zagaye shi ke sa giya ta riƙa fita da kanta kana tafiya, ka ji babur ya yi tsalle. Ba shi da tsada, canja shi kawai. Amma a kula, zaren sandar da ke riƙe shi na hagu ne, wato yadda ka saba ɗaurewa haka ake kwance shi, yara masu koyon aiki da yawa sun karya shi a nan. Giyoyin huɗu kuma yadda ka zaro su haka zaka jera su, fuskar da ke sama ta zauna a sama, ka zura waya ka ɗaure su tare. Kulocin a sa sabbin faranti, a jiƙa su cikin man giya kafin a ɗaura. Bulok kuma in ya yi zane a kai wajen masu boring a sa fiston obasayiz na gaba, kar a tsallaka zuwa babba don wai ƙarin ƙarfi, ka bar wa gaba abin da za a ci. Kibiyar da ke kan fiston tana kallon ɓangaren salansa.

Tanki kusan kullum cike yake da tsatsa da tsohon fetur da ya zama kamar ƙaro. Cire shi, cire famfon, zuba kananzir da ɗan tsakuwa ko tsofaffin notika ka toshe ka yi ta girgizawa, ka zubar ka sake har sai abin da ke fitowa ya yi haske, ka shanya a rana ya bushe sarai. In yana yoyo kar kowa ya kusanto da wutar walda sai an wanke an cika shi da ruwa, tururin fetur a tanki ba wasa bane. Tiyon mai sabo, famfo sabo. Kafiretar yawanci Dell'Orto ce, a kwance ta gaba ɗaya a jiƙa, a busa ƴan jet ɗin, wato ƙananan notika masu huji da mai ke bi, da iska, kar a zura musu waya ko allura don ramin zai faɗaɗa ta koma shan mai. In mai shago ya ce ka jefar da ita ga sabuwa mai arha, karɓi kit ɗin gyara kawai ka riƙe taka. Filtar iska da robar da ke haɗa kafireta da jiki kuma lallai su kasance lafiya, ƙurar hunturu in tana shiga kai tsaye wata shida ta cinye maka sabon ringi. Haka murfin da ke rufe silinda, wasu na cirewa wai ya sha iska, kuskure ne babba, fanka ce ke hura iska murfin ke bi da ita kan bulok, babu shi a zafin Afrilu injin zai dahu.

Salansa a ƙona ta a kakkaɓe gawayin ciki, toshewarta kaɗai na iya sa babur ya rasa ƙarfi ka yi ta zargin inji.

Wuta kuma, tsofaffin kontak da kondensa suke amfani da su, PX na baya baya ne ke da CDI, ɗan akwatin lantarkin da ya maye gurbin kontak. Cire fulawil, wato fankar nan, sai da fula ɗinta, ƙarfen da aka yi don zaro ta, kar a ɗora sifana ana buga. Wayoyin da ke fitowa daga kwayil zaka tarar robarsu na farfashewa a hannu, a kai wa rewaya ya sake su, a sa sabon kontak a saita tazararsa wajen milimita 0.4, fulogi kuma 0.6. Kebura duka sabbi, na giya guda biyu da na kuloci da totur da birki, kuma ga dabara: kar ka zare tsohon bawon kebur sai ka ɗaura sabon a jelarsa ka jawo, shi zai shigar maka da shi ta cikin jiki, in ka zare haka kawai zaka yini kana lalube. Taya da tiyub ko da sun yi kyau a ido canja su, roba mai shekara ashirin ba abin yarda bace, takalmin birki ma haka. Rim ɗin Vespa biyu ne aka haɗa da noti, ka sace iska gaba ɗaya kafin ka raba shi.

Maganar kaya, a Kano ana zagawa Ƙofar Ruwa, a Kaduna Fanteka, amma wanda zai fi maka amfani shi ne tsohon makanikin Vespa, dattijan nan da yanzu sun koma gyaran janareta ko Keke Napep, da yawansu na da buhun tsofaffin kaya a gida kuma in ka je da ladabi ka ce baba ga abin da na ɗauko zaka ga yadda fuskarsa zata saki. Kayan Indiya ma na taimakawa, kamfanin LML ya yi irin PX don haka yawancin kayansa na shiga, tsohuwar Bajaj Chetak kuma daga Sprint aka samo ta, wasu kayan na dacewa wasu basa yi, shi yasa nace ka je da tsohon a gwada a gabanka.

Ka haɗa ta ba fenti ka hau na ƴan kwanaki a unguwa, duk abin da zai yi yoyo ya yi, duk inda za a ƙara walda a ƙara. Sannan a sake kwancewa a kankare har ƙarfe, a sa jan fenti mai hana tsatsa ciki da waje har ƙarƙashi, a fesa. In kana son asalin kalarta duba ƙarƙashin tanki inda rana bata taɓa ba. Tambarin jiki da gilashin fitila da mita in na asali ne a goge a mayar.

Man giya SAE 30 ne kwatan lita, mililita 250, ka cika har ya fara fitowa ta ramin zubawar. Fetur kuma dole a gauraya da man 2T, man injin da ake haɗawa da fetur, kashi biyu cikin ɗari, wato mililita 20 a kowace lita, lita biyar mililita 100, ka samu sirinji ko ɗan kofin awo ka ajiye a akwatin babur, kar ka riƙa zubawa da ido kuma kar ka sa baƙin man mota. Wasu PX ɗin na da tankin 2T daban suna haɗawa da kansu, in taka irin wannan ce ka tabbatar famfon da ke tura man 2T ɗin na aiki kafin ka dogara da shi. Kilomita 500 zuwa 1000 na farko a bi a hankali, kar ka murɗe totur har ƙarshe, kar ka ɗauki kaya mai nauyi, kana tsayawa tana hucewa, sannan a zubar da man giya a sa sabo a sake bin notin kan silinda da na tayoyi. Cire fulogi ka kalli bakinsa, ruwan ƙasa shi ake so, baƙi mai ya yi yawa, fari fat kuma tsaya nan take a nemo inda iska ke shiga. Takardu ma ka nemo na asali a cikin akwatin baba in suna nan, in ta gado ce ka yi magana da sauran magada tun kafin ka kashe kuɗi, sannan ka je ofishin lasisi a sabunta lamba kafin ka fita babban titi da ita.