Yadda ake fara wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara da kauce wa zaftarewarta

Kowace shekara akwai 'yan Zariya da ke tafiya ƙarin karatu Faransa, Jamus, Kanada ko Turkiyya, kuma da wuya mutum ya yi hunturu guda a can abokan karatu ba su gayyace shi zuwa tsauni wasan zamiya ba. Wani ɗan yayana da ya tashi a Samaru ya samu irin wannan gayyata a birnin Grenoble na Faransa, ya bugo mini waya yana cewa ya gama shiri, domin yana da jibgegiyar rigar sanyin da ya saya a gwanjon Sabon Gari, kuma zai sa safa uku a kowace ƙafa. Irin shirin nan na sanyin hunturunmu ne, wanda ake kora da hura wuta a tsakar gida, tsauni kuwa yana bukatar wani shirin daban.

Abu na farko shi ne duba lafiya. Filayen wasan da yawa suna sama da mita 2,000, inda iska ke da ƙarancin abin da jiki ke bukata, kuma wannan tare da sanyi da rashin shan ruwa yana tayar da ciwon sikila. Mai sikila kada ya hau sai likitansa ya amince, kuma ko mai rukunin jini na AS ya kamata ya nemi shawara. Daga nan sai a yanki inshorar da ta ƙunshi wannan wasa, saboda ɗauko mutum daga tsauni da jirgi mai saukar ungulu ba ƙaramin kuɗi ba ne. A Italiya ma doka ta wajabta tun 2022 cewa duk mai wasa ya riƙe inshorar raunin da zai iya yi wa wani.

Game da kaya, sabon shiga ya yi haya, kada ya saya. A shagon haya za a tambaye shi nauyinsa da tsayinsa da shekarunsa da gwanintarsa, kuma a nan ne ake yin kuskuren da ke karya ƙafa, domin da waɗannan amsoshi ake saita maƙalin da ke riƙe takalmi a jikin allon zamiya. An yi maƙalin ne ya saki takalmin idan mutum ya faɗi, to wanda ya ji kunyar cewa bai iya ba, ya ce shi gwani ne, za a ɗaure masa shi da ƙarfi, ranar da ya faɗi kuwa gwiwarsa ce za ta murɗe maimakon allon ya fita. Tsawon allon sabon shiga ya tsaya tsakanin haɓarsa da hancinsa. Takalmin ya kama ƙafa sosai har dunduniya ba ta ɗagawa, da safa guda ɗaya doguwa, saboda safa uku na hana jini yawo, ƙafar ta ƙara sanyi. Gara a yi alwala kafin a sa shi, don cire shi a kan tsauni wahala ne.

Hular kwano wajibi ce. Michael Schumacher, shahararren direban tseren mota ɗan Jamus, yana sanye da ita lokacin da kansa ya bugi dutse a filin zamiya na Méribel da ke Faransa a watan Disamba na 2013, kuma likitocinsa sun ce da ba don ita ba da bai kai asibiti da rai ba. A haɗa da tabarau mai tare hasken rana, domin dusar ƙanƙara na mayar da haske har ya ƙona ido, da safar hannu marar shan ruwa. Tufafi kuma a sa su hawa uku marasa nauyi, a guji auduga a jikin fata saboda tana riƙe gumi.

Ranar farko a biya malami, ya koyar da tsayawa ta hanyar haɗa bakin allunan biyu a buɗe bayansu, da juyawa, da tashi bayan faɗuwa. An yi wa hanyoyi alama da launi: a Turai shuɗi mai sauƙi ne, ja matsakaici, baƙi na gwanaye, Faransa kuma tana da kore na 'yan koyo. Wanda ke gaba shi ke da hanya.

Batun zaftarewa shi ne ya fi bukatar a nutsu a kansa. Dusar ƙanƙara tana zuba hawa-hawa, kuma idan iska ta danne wani hawa mai tauri a kan wani mai rauni, abin yakan zama kamar yaɓen siminti a jikin katangar laka, wanda ido ke gani lafiya ƙalau alhali ya rabu da katangar ta ciki, yana jiran a taɓa shi ya ɓalle gaba ɗaya. Wannan ya fi faruwa a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 da 45, a kwana ɗaya ko biyu bayan zuba mai yawa ko iska mai ƙarfi, kuma a mafi yawan haɗurran wanda abin ya ci ne ko abokin tafiyarsa ya tayar da ita da nauyinsa. Hanyoyin da aka yi wa alama akwai ma'aikatan da ke saukar da dusar da bama-bamai kafin a buɗe su. Da zarar mutum ya ƙetare igiya ko tuta, ya fita daga wannan kariya, don haka sabon shiga ba shi da abin nema a can, ko da abokansa sun yi masa gori.

Kowace safiya a karanta sanarwar haɗari ta yankin, wadda ke da mataki 5 daga ƙarami zuwa mafi tsanani. Mataki na 3 ne ya fi cin rayuka, domin a 4 da 5 mutane na jin tsoro su zauna, a 3 kuwa sai su ɗauka tsaka-tsaki ne. Tsagewa da ke gudu daga ƙarƙashin allo, ko wani dum da ake ji dusar ta yi, ko sabuwar zaftarewa a gangaren kusa, duk alamu ne na a juya.

Wanda ya ƙware har yana son fita wajen hanya ya yi kwas, ya tafi da jagora mai lasisi, kuma kowa a cikin tawagar ya ɗauki abu uku: na'urar sigina mai nuna inda mutum ya binne, da ake ɗaurawa a jiki a ƙarƙashin riga, wadda ke aiki a kan kilohaz 457, da sandar lalube mai naɗewa, da shebur na ƙarfe. Ana ƙetare gangare mai haɗari ɗaya bayan ɗaya, saura na kallo daga wuri mai aminci. Waɗannan kaya ba sa hana zaftarewa, amfaninsu kawai a tono mutum da wuri. Akasarin waɗanda aka fito da su cikin minti 15 suna rayuwa, bayan minti 35 kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai. Yarima Friso na Holan ya binne a Lech ta Ostiriya a Fabrairun 2012 na kimanin minti 20 ko fiye, bai sake warkewa ba har ya rasu a 2013.

Idan zaftarewa ta rutsa da mutum, ya yi ƙoƙarin kaucewa gefe, ya saki sandunan zamiyar da ke hannunsa, kuma da ya ji tana rage gudu ya kare baki da hanci da hannuwansa don ya bar wa kansa wurin numfashi, saboda da ta tsaya takan daskare ta yadda ko yatsa ba ya motsi. Waɗanda suka tsira su lura da inda suka yi masa ganin ƙarshe, mutum ɗaya ya kira 112 idan a Turai ne, saura su juya na'urorinsu zuwa nema, su laluba da sanda, su fara haƙa daga ƙasan gangaren, su buɗe fuskarsa kafin komai.