Lissafin BMI: Kurakuran da Na Gaji da Gyarawa

Duk shekara ɗalibai na zuwa koyon aiki a ƙaramin asibitinmu, duk shekara kuma sai na ƙarar da jan biro a kan kurakurai iri ɗaya. Alhali lissafin BMI, wato ma'aunin da ke kwatanta nauyin mutum da tsayinsa, bai taka kara ya karya ba. Ka auna nauyin mutum da kilo, ka auna tsayinsa da mita, ka buga tsayin sau kansa, sannan ka raba nauyin da abin da ya fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da 18.5 rama ce, 18.5 zuwa 24.9 daidai, 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuma ƙiba ce.

Inda ake fara faɗuwa shi ne tsayi sau tsayi. Yaro ya ji "sau", sai ya buga sau biyu. Ɗauki mace mai kilo 80 da tsayin mita 1.60. Daidai shi ne 1.6 sau 1.6, wato 2.56, amsa ta zama 31. Idan aka ninka, 3.2 ake samu, amsa ta koma 25. Ka ga an sallami mai ƙiba da cewa ɗan kaɗan ta haura. Ni na daina bugawa ma gaba ɗaya, raba nauyin nake da tsayi, in sake raba amsar da tsayi. 80 raba 1.6, raba 1.6, shi ke nan. Wanda ya danna 80 raba 1.6 sau 1.6 a kalkuletar waya kuwa, 80 ɗinsa za ta dawo masa, kuma wallahi na taɓa ganin an rubuta hakan a kati ba kunya.

Sai masu tambayar tsayi maimakon aunawa. Mutum ya ce maka shi ƙafa biyar da inci huɗu ne, ka rubuta 1.54. Daga ina? Inci ɗaya santimita 2.54 ne, don haka tsayinsa kusan 1.63. Ga mai kilo 70, wannan ganganci kaɗai ya ɗaga shi daga 26 zuwa kusan 30. A cire takalmi, a cire hula, a kwance ɗaurin ɗankwali in da hali, duga-dugai su taɓa bango. Sikeli kuma a ɗora shi a kan siminti, ba tabarma ba, a duba yana kan sifili, maigida ya tuɓe babbar riga.

Amma duk waɗannan ƙananan alhaki ne a kan wanda na ɗauka da hannuna. Shekarun baya wani dattijo yana zuwa wurinmu, ramamme, tsayinsa 1.72, nauyinsa kilo 53. Lissafi ya ba ni 17.9. Na yi masa nasihar abinci. Bayan wata guda ya dawo, sikeli ya nuna 59, wato 19.9. Murna ta kama ni. Na ce, "Baba, alhamdu lillahi, jiki ya fara kyau." Ya ce, "To ɗan nan, amma fa takalmina ya daina shiga." Na yi dariya, na ce ai ƙiba ce. Ban ɗaga ƙafar wandonsa ba. Ba a yi mako biyu ba ɗansa ya kawo shi a Keke Napep, a zaune yake kwana don in ya kwanta numfashi ya gagara. Kilo shidan nan duk ruwa ne, zuciya ce ta gaza. Aka tura shi babban asibiti, Allah Ya sa da sauran kwana. Har yau ina jin maganar takalmin nan a kunnena. Mutumin ya faɗa mini ciwonsa da bakinsa, ni kuma idona na kan kalkuleta.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ɗalibi ya rubuta lamba ya ce "na gaba" bai ko kalli wanda ke gabansa ba. Me ya hana ka danna ƙwaurinsa da babban yatsa na ɗan lokaci, ka ga ko wurin zai lotsa? Hannunka ciwo yake? Sikeli bai san kitse ba, bai san tsoka ba, bai san ruwa ba, jimilla kawai yake ba ka. Ɗan kokawa ko mai dakon buhu a kasuwa zai iya kai 27 babu teɓa ko kaɗan, ka tsorata shi a banza. Ga kuma ma'aikacin ofis mai siraran ƙafafu da tumbi, lambarsa 23, ka ce masa lafiya lau, alhali kitsen ciki shi ne abokin tafiyar ciwon suga da hawan jini. Adolphe Quetelet, mutumin Beljiyam da ya fito da lissafin a ƙarni na 19, masanin ƙididdiga ne, jama'a yake aunawa a dunƙule. Sunan BMI ma sai a 1972 wani masani ɗan Amurka, Ancel Keys, ya raɗa masa.

Mai juna biyu ba a yi mata hukunci da wannan lamba. Yara kuma jadawalinsu daban, na shekaru da jinsi.

Ni dai a aljihuna kullum akwai tef irin na tela. Bayan sikeli sai in zagaya shi tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, mutum ya saki numfashi, kada ya shanye ciki don kunya. In awon ya wuce rabin tsayinsa, sai in auna jini da suga ko da BMI ɗinsa 22 ne.