Canza wa Swift Sport baƙin mai a gida, a zafin Jidda

Ƙaramar mota ce ƙirar Suzuki, amma injinta mai tobo (na'urar ƙara wa inji ƙarfi) ba ya son tsohon mai, balle ga zafin Jidda da ƙura. Ni bayan sallar asuba nake aikin, kafin rana ta buɗe.

Kunna injin minti biyar domin man ya saki jiki, sannan ka kashe. Ɗaga gaban motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka tokare ta da ƙafafun ƙarfe. Don Allah ɗan'uwa, kada ka shiga ƙarƙashinta jak kaɗai na riƙe da ita.

Ajiye roba a ƙarƙashin injin, kwance notin zubar da mai, ka bar man ya tsiyaye tas, sannan ka cire tsohuwar filtar mai. Sabuwar filta kuwa, shafa wa robar bakinta ɗan mai, ka ɗaure da hannu kawai. Sifana na iya lalata ta. Sa sabon wosha a notin, ka mayar da shi ka ɗaure. Zuba irin man da littafin motar ya faɗa, ka kunna, ka leƙa ko yana ɗiga, sannan ka kashe, ka sauke motar, ka duba sandar awon mai.

Tsohon man, ɗura shi a galan ka kai wa masu canjin mai a Sina'iyya, unguwar masu gyaran motoci. Kada ka zubar a kwata.