Yadda nake tantance manhajar Debian kafin ta shiga kwamfutocina

Kwamfuta goma sha biyu nake kula da su a wata cibiyar koyon kwamfuta a Kano, dukkansu Debian ke kansu, wato wani nau'in tsarin Linux da ke tafiyar da kwamfuta. Duk manhajar da na saka, yara sama da hamsin za su zauna a gabanta, shi ya sa ba na saka komai sai na san inda ya fito.

Ka fara sanin hanyar da kayan ke biyowa. Mai kula da manhaja a Debian yana tura ainihin rubutunta, sai wasu injina da ake kira buildd su harhaɗa ta da kansu, ga ta kwamfutoci nau'in amd64, ga ta nau'in arm64 da sauransu. Tun 2019, ƙunshin (wato fayil ɗin .deb da ake saka manhaja da shi) da mutum ya haɗa a kwamfutarsa ba ya wucewa zuwa reshen gwaji mai suna testing sai buildd ya sake haɗa shi. Idan sabon sigar da kake jira ya ƙi fitowa, leƙa buildd.debian.org ka rubuta sunan manhajar. Za ka ga ko tana layi ko haɗin ne ya faɗi, har da cikakken bayanin abin da ya faru. Kada gajen haƙuri ya kai ka ɗauko .deb a wani shafin da ba ka sani ba.

Abu mafi muhimmanci shi ne sa hannu. Idan ka buga apt update (apt shi ne kayan aikin saka manhaja a Debian), ana sauko da fayil mai suna InRelease, wanda Debian ta sa wa hannu da makullinta. A cikinsa akwai lambar tantancewa (SHA256) ta jerin manhajoji, jerin kuma yana ɗauke da lambar kowane ƙunshi. Ko harafi ɗaya aka taɓa a hanya, apt zai ƙi karɓa. To idan ya ƙi, ka saurare shi. Wata rana ɗaya daga cikin tsofaffin kwamfutocinmu ta dage cewa fayil ɗin InRelease bai fara aiki ba tukuna. Yaron da ke taya ni aiki ya samo shawara a intanet cewa a ƙara trusted=yes, wato a ce wa apt ya daina duba sa hannu, a wuce wurin. Na ce masa, “Dakata Malam, buga date mu gani.” Ashe batirin agogon ne ya mutu, kwamfutar ta koma shekaru baya saboda yawan ɗauke wuta. Muka sauya batiri, magana ta ƙare. Da mun bi shawarar can, da mun cire ƙofar gida ɗungurungum don makulli ya cije.

Idan dole sai ka ƙara ma'ajiyar wani kamfani, ajiye makullinsa a /etc/apt/keyrings, ka ɗaure shi ga ma'ajiyarsa kaɗai da signed-by, don kada ya sami ikon sa hannu a kan kayan da ba nasa ba. Kafin sakawa kuma, apt policy da sunan manhajar zai nuna maka daga ina za ta zo.

Sai dai sa hannu yana shaida asali ne kawai, ba ya shaida tsabtar abin da ke ciki. A watan Maris na 2024, wani injiniyan manhaja mai suna Andres Freund ya lura shiga ta ssh (hanyar shiga kwamfuta daga nesa) ta ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi har ya gano ƙofar sirri da aka dasa a manhajar matse fayil ta xz, siga 5.6.0 da 5.6.1. Ta shiga rassan gwaji na unstable da testing da sa hannu lafiya lau, amma ba ta kai tsayayyen reshe na stable ba. Wannan ya ishe ni hujja: kwamfutar aiki tana zama a stable, tare da layin gyaran tsaro na security.debian.org a buɗe kullum.

Ga masu fama da tsadar data irina, apt-cacher-ng ya rage mini wahala sosai. Kwamfuta ɗaya ke saukowa, sauran sha ɗayan su ɗiba daga gare ta ta tashar 3142, kuma kowace tana duba sa hannun da kanta. Idan sabuntawa ta ɓata maka aiki, tsohon sigar yana nan a snapshot.debian.org.

Duk ƙarshen wata ina bi ɗaya bayan ɗaya da debsums -c. Yana fito da sunan duk fayil ɗin da ya sha bamban da yadda ya zo, ban da fayilolin saiti, sai in sake saka ƙunshinsa da apt reinstall.